Ranar Da Na Kai Katina Aka Gasa

Ranar Litinin da safe na yi awa biyu da rabi a layin mai, ina tura babur da ƙafa, taku ɗaya-ɗaya, kamar mai koyon tafiya. Ba wannan ne ya kawo ni gabanku yau ba, jama'a. Layin mai ya riga ya zama ɗan gida. Ni yanzu in na wuce gidan mai na ga babu layi, gabana ne yake faɗuwa, don na san man ne babu. Abin da ya kawo ni shi ne abin da ya biyo bayan an zuba mini.

Na miƙa wa mai ba da mai katina na banki da hannu biyu. Ya karɓa da yatsun da suka sha fetur tun safe, ya cusa a na'ura. Na'ura ta yi tunani, ta ƙi. Ya zaro, ya hura masa iska, ya goga a cinyar wandonsa sau uku, ya mayar. Ta sake ƙi. Sai na ga ya kama katin nan gefe da gefe ya lanƙwasa shi, ya juya ya lanƙwasa ɗaya ɓarin, kamar mai gwada ƙwarin takalmi a kasuwa.

Na ce, "Ɗan'uwa, a hankali mana! Kati ne fa."

Ya ce, "Baba, motsa masa jini nake yi. Sanyi ne ya kama shi."

"Wane irin sanyi, a cikin wannan rana?"

"Ka bar mini aikina, Baba. Ɗari nawa nake yi wa haka kullum?"

Abin haushin, da ya mayar sai na'urar ta karɓa. Ya miƙo mini yana murmushi irin na likitan da ya fito daga tiyata lafiya. Sai da na matsa inuwa na ɗaga katin sama, sannan na ga abin da ya yi. Wata tsaga siririya kamar gashi ta taso daga kusurwa, ta nufi ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da na'ura take karantawa, ta tsaya saura tsawon ƙwayar shinkafa ta iso shi.

Wani zai ce, to, mene ne a ciki? Bari in gaya muku. Babbar 'yata, wadda muke kira Likita tun tana shekara shida saboda ɗaure ƙafafun kajin uwarta da tsumma, bana za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a. An raba wa kowace makaranta ranar da za ta je rajista, makarantarsu ta samu Alhamis, ranar ƙarshe, a rufe ƙarfe huɗu. Kuma doka ta ce ba a karɓar kuɗi a hannu, ba a karɓar turawa ta waya. Kati kawai, kuma katin mutumin da sunansa yake a fom a matsayin uba. Ni ke nan. In katin nan ya mutu kafin Alhamis, yarinyar nan sai baɗi. Shekara guda tana zaune a tsakar gida tana kallona, ni kuma ina kallon ƙasa.

Wannan doka kuwa, Allah ya ja zamanin Mai Girma Babban Jagoran Sauƙaƙa wa Talaka Rayuwa, shi ya kawo mana ita. Da kunnena na ji shi a rediyo yana cewa katin zamani ko mota ta bi ta kansa ba abin da zai same shi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin nasa katin ba abin da ya taɓa samunsa. Akwai mutum guda da aka ɗauka aiki don ya riƙe masa shi, shi kuma wannan mutumin yana da direba. Kati irin wannan, ranka ya daɗe, ai sai jikoki su gada. Namu kuwa kullum yana hannun jama'a.

Ni dai ban san makarantar da kashiyoyi, masu karɓar kuɗin nan, suke zuwa ba, amma kowanne da maganin da ya gada. Ta kantin magani farce take sa wa ƙarfen, tana kankara tana hira da ta kusa da ita. Na shagon kayan masarufi lasar babban yatsa yake yi ya murza. Akwai wani a wajen biyan kuɗin wuta, shi jefo maka katin yake yi ta ƙarƙashin gilashi, sai ka bi shi da gudu har bakin ƙofa. In ka yi magana a ce kai mai tsegumi ne, mutanen bayanka su fara tsaki. In ka yi shiru, kana tsaye kana kallo ana cin mutuncin abin da albashinka yake kwana a ciki.

Da yamma na kai ƙara bencin ƙofar gida, inda nake zama da maƙwabtana biyu, Tela da Mai Walda. Tela ya sa tabaransa ya duba tsagar, ya girgiza kai.

"Wannan ba za ta kai Alhamis ba," in ji shi. "Na san yaga. In ta fara, ba ta tsayawa sai ta ga bakin zani."

"To ka ɗinke masa mana," in ji Mai Walda.

"Kai ka liƙe masa da wuta, tun da kai komai wuta."

"Kawo in ɗiga masa gam ɗin nan mai kama ƙarfe. Ɗigo ɗaya."

Tela ya ce, "Irin ɗigon da ka yi wa tabarana? Kwana uku ban iya naɗe shi ba, da shi nake wanka."

Na karɓe katina na mayar aljihu. Tela ya ce ai an kafa kwamitin kula da lafiyar katin talaka, ya ji a labarai. Mai Walda ya ce ƙwarai, har sun je ƙasashen waje sun kwana ashirin suna kallon yadda ake riƙe kati, sun dawo da rahoto mai kauri wanda ya ba da shawarar a sake komawa a ga yadda ake mayar da shi aljihu. Na ce Allah ya ƙara musu lafiya, aiki ne mai wahala.

Talata na nemi izini a siton fenti da nake tsaro, na tafi banki. Na ɗauki lamba, na zauna, na tashi, na sake zama. Da aka zo kaina, wata yarinya mai ladabi ta juya katin ta duba.

"Baba, yana aiki?"

"Yana aiki, 'yata, amma kin ga tsagar."

"Ai ba ma canja katin da yake aiki. Ka bari ya mutu tukuna."

"In ya mutu, sabo kwana nawa?"

"Kwana goma sha huɗu na aiki."

"To a fara ƙirga kwanakin daga yau mana, kafin ya mutu."

Ta yi murmushi, ta ce tsarin bai yarda a nema wa mai rai magaji ba. Na nuna mata wani abu babba a kusurwa, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an ɗaura masa jan ƙyalle a tsakiya, har an ɗora tukunyar fure a kansa. Na ce ba wancan ne injin da aka ce yana buga kati cikin minti biyar ba? Ta ce shi ne. Na ce to? Ta rage murya ta ce wata biyar ke nan ana jiran babban baƙon da zai yanka jan ƙyallen, sau uku ana jera kujeru ana kwashewa. Kafin nan ba mai ikon kunna shi. Furen dai, in ji ta, ana ba shi ruwa kullum.

Na fito ina tafe hannuna dafe da aljihu. A nan ne dabarar ta zo mini, kuma ina roƙon ku, kafin ku yi dariya ku saurari hujjata.

Ni mutum ne da ban yi zurfi a karatu ba, amma abu ɗaya na koya a duniya: duk takardar da kake so ta yi rai, kai ta a yi mata laminetin, wato a sa ta cikin leda mai kauri a bi da ita ta injin zafi ta fito a rufe ruf. Akwatin ƙarfen da yake ƙarƙashin gadona shaida ne. Takardun haihuwar yara biyar, katin rigakafinsu, takardar babur, sakamakon Likita tun daga aji ɗaya, har takardar da aka rubuta mini ranar da aka ɗauke ni aiki, duk suna ciki suna ƙyalli. Ruwa ya taɓa shiga ɗakin har gwiwa, ko harafi ɗaya bai goge ba. Uwar yara takan ce da injin yana da faɗi, da yaran ma na bi da su ta ciki. To abin da ya tsare takarda daga ambaliya, ya kasa tsare kati daga babban yatsan kashiya?

Laraba da rana na je wajen mai fotokwafi na bakin titi. Ya karɓa ya juya, ya dube ni.

"Baba, ban taɓa yi wa katin banki ba fa."

"Yau za ka fara. Sa mai kaurin."

"Injin nan da zafi."

"Takardar haihuwa ma ta shiga ta fito, balle roba."

Ya ɗaga kafaɗa ya tura. Muna tsaye injin yana gurnani, wani ɗan wari ya tashi, na ce a raina warin inganci ne. Katin ya fito ta ɗaya gefen da zafinsa, yana sheƙi, tsagar ta rufu ba ka ko ganinta. Ya ɗan lanƙwashe, gaskiya, kamar busasshen ganye, amma na ce in ya huce zai miƙe. Na biya da murna, har na ce ya riƙe canjin.

A gida na ajiye shi a kan tabarma gaban uwar yara, ina jiran yabo. Ta ajiye tsintsiya, ta ɗauka, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi da farce.

"Ya yi kyau," in ji ta. "To ta ina zai shiga?"

"Shiga ina?"

"Bakin na'urar, maigida. Ka ga faɗinsa kuwa? Wannan ai sai dai a jingina shi a bango a riƙa kallo."

Jama'a, na zauna. Wallahi har ga Allah, duk lissafin da na yi, na yadda zan hana hannu taɓa katin ne. Ban taɓa tuna cewa ita ma na'urar sai ta taɓa shi ba.

Na ruga wajen Tela, ya sa almakashi ya rage gefen ledar har ta zo daidai da katin, yana yi kafaɗarsa tana rawa don dariyar da yake dannewa. Faɗi ya gyaru, kauri yana nan, lanƙwasar ma ba ta miƙe ba. Mai Walda ya ce in je shago in gwada. Na ce in gwada a hannun wa? Kowane gwaji ai kashiya ne. Na ƙi. Na ce shiga ɗaya ta rage wa katin nan a duniya, ba zan ɓata ta a kan sabulu ba.

Alhamis muka isa ofishin rajista ni da Likita tun ƙarfe tara, ita da kayan makaranta da fom a cikin jaka, ni da kati a aljihun ƙirji. Ɗaki ne dogo, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar, benci huɗu, iyaye sun fi ɗari. A bango an kafa babban allo da aka rubuta cewa yanzu biyan kuɗi ya zama cikin daƙiƙa goma. A ƙarƙashin allon taga ɗaya ce, na'ura ɗaya, kashiya ɗaya.

"Baba, ka daina dafe ƙirjin nan," in ji Likita. "Matar can tana tambaya ko ciwon zuciya ne."

"Ki ce mata eh."

Da layi ya matso, na fara hango kashiyar da teburinta. Mace ce mai jiki, ta kai shekara hamsin, tabarau a ƙarshen hanci. A gabanta an jera reza, mukulli, auduga, kwalbar turare, abin goge fensir, da takarda a ninke. Ban taɓa ganin kayan aiki haka ba sai a wajen mai cire haƙori. Duk katin da ya zo sai ta murje shi da abin goge fensir, ta fesa masa turare, ta cusa, ta danna shi gefe da babban yatsa har farcenta ya yi fari. Wani dattijo a gabana ya ce a yi a hankali, ta ce masa in yana son a hankali ya dawo baɗi.

Ƙarfe uku da minti ashirin aka zo kanmu. Na miƙa fom. Na miƙa kati. Ta riƙe shi a tafin hannu, yana lilo kamar ƙaramin kwale-kwale.

"Wannan fa? Kati ne ko murfin kwano?"

"Kati ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ni na sa aka yi."

"Da kuɗinka?"

"Har da canji."

Ta cire tabarau ta kira ta ɗakin ciki, ta ce ta zo ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a shekara ashirin na aiki. Waccan ta zo ta gani, ta koma tana riƙe da ciki don dariya. Mutanen baya suka fara leƙe. Na ji kunyata ta sauko har tafin ƙafa. Kashiyar ta gwada bakin na'ura, ko kan katin bai shiga ba. Ta dubi agogo, ta dubi Likita da take tsaye tana murza igiyar jakarta.

"'Yarka ce?"

"Ita ce ta fari."

"Me kike so ki karanta?"

"Likitanci," in ji yarinyar, da ƙyar ake jin muryarta.

"To matso ki ga tiyata."

Ta ɗauki reza. Na rufe ido, na buɗe ɗaya. Ta sa bakin rezar a kusurwa tana ɓare ledar a hankali, harshenta a tsakanin haƙora. Ledar ta taso, amma ta taso da fentin katin gaba ɗaya. Kati ya fito fari fat kamar an yi masa wankan asibiti, sunana kuma ya bi leda. Na ce shi ke nan, doka ta ce sai an ga suna. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ɗaga ledar wajen hasken taga, ta karanta sunan, ta duba fom, ta ce, "Kai ne," ta manna ledar a bayan fom ɗin.

Saura lanƙwasa. Ta sa katin tsakanin manyan littattafan rajista biyu, ta ɗora a kujerarta, ta zauna a kai.

"Ka ba shi minti biyu," in ji ta.

Muna jira take gaya mini na'urar nan ta kusa sa'ar 'yata, bakinta ya cinye, in ba a danna kati gefe ba ba ta jin komai. Na ce ba an ce an sayo sababbi ɗari biyar ba? Ta ce ƙwarai, ta gan su a hoto, sun yi kyau. Ta ce kullum sai an zage ta a kan tana wulaƙanta kati, amma ranar da ta gwada saka shi a hankali yadda littafi ya ce, mutum huɗu kacal ta sallama.

Ta tashi, ta zaro katin. Ya miƙe, amma tsagar ta buɗe baki, yanzu ta iso ƙarfen. Ta murje, ta fesa turare, ta cusa. Na'ura ta ƙi. Ta zaro ta goga a mayafinta, ta mayar. Ta ƙi. Ta ɗauki takardar nan a ninke ta cusa a bayan katin, ta danna da yatsa biyu. Ni da na kwana uku ina tsine wa masu wannan aiki, sai ga bakina yana cewa, "Ƙara dannawa, Hajiya! Lanƙwasa shi kaɗan!"

Na'ura ta nemi lambar sirri. Na danna. Ta yi tunani, ta yi tunani, fankar sama ta zagaya ban san sau nawa ba. Sai ga ƙara, ƙirrr, rasit yana fitowa. Likita ta kama hannun rigata da ƙarfi. Kashiyar ta yage rasit, ta buga hatimi, ta miƙa wa yarinyar, ta ce Allah ya ba da sa'a. Sannan ta ja katin.

Rabi ya fito. Ɗaya rabin, mai ƙarfen, ya zauna a ciki.

Ta sa mukulli, ya ƙara shigewa. Ta sa reza, ta ƙi kama shi. Ta kife na'urar tana bubbuga bayanta kamar jaririn da ya ƙware. Wani daga baya ya ce a kwance ta mana. Ta ce doka ta hana, kamfanin da aka ba kwangila ne kaɗai yake da ikon kwance ta, kuma sai an cike fom an aika. Ƙarfe huɗu saura ashirin, iyaye wajen arba'in suna bayana, kowanne da ɗansa ko 'yarsa. Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Na ji ana tambaya wane ne mai murfin kwanon nan. Kashiyar ta tura mini rabin katina ta ƙarƙashin taga, ta ce a hankali, "Baba, akwai ƙofa ta gefe."

Mun iso gida da rasit, uwar yara ta yi murna, ni kuwa abinci ya ƙi wucewa. Ina ta ganin fuskokin mutanen nan. Akwai wani mai hular ma'aikata da ya zo da tagwaye, tun safe muna benci ɗaya, har ruwa ya ba ni. Na ceci shekarar 'yata, na cinye ta 'ya'yan mutum arba'in.

Yau da safe ina ɗaure takalmi sai Tela ya ƙwala mini kira, ya ƙaro muryar rediyonsa. Sanarwa ce ta musamman. Mai Girma Babban Jagoran Sauƙaƙa wa Talaka Rayuwa, bayan ya kwana bai runtsa ba saboda tausayin iyaye, ya amince da a ƙara mako biyu a kan wa'adin rajista. Ba a ambaci na'ura ba. An dai ce wannan ya nuna irin zuciyar da Allah ya ba shi, kuma tuni ƙungiyoyi uku suka fito suna godiya.

"Ka ji shugaba," in ji Tela. "Wa ya ce ba sa jin kukanmu?"

Na ce haka ne. Na sauke ajiyar zuciya, na koma ciki na ce a ɗumama mini abincin jiya.

Ni ba na neman suna, jama'a, kuma ban ce a cire komai daga ladan Mai Girma ba. Amma in har za a shirya bikin karrama wanda ya ceto yaran nan, ina roƙon a ajiye kujera ɗaya ƙarama a gefen tasa. Rabin mai kujerar yana aljihuna, zan kawo shi da kaina. Ɗaya rabin sai a jira kamfanin kwangila.